Sikila, Sauro da Gero: Tambayoyi da Amsoshi Kan Yadda Halittu Ke Sauyawa Daga Tsara Zuwa Tsara

Na daɗe ina koyar da ilimin halittu a makarantar sakandare. Duk shekara idan muka iso babin juyin halitta, tambayoyi iri ɗaya ke dawowa, daga ɗalibai, wani lokaci har daga iyayensu. Abin da ke damuna shi ne yawancin mutane sun ɗauka labari ne na birrai da ƙasusuwan da aka tono a wata uwa duniya, alhali abin yana faruwa a cikin jininmu da gonakinmu da ɗakunan da muke kwana. Ga tambayoyin da amsoshinsu.

Me ake nufi da juyin halitta?

A bakin masana, ma'anarsa a taƙaice ita ce sauyin da ake samu a yawan wani hali na gado a cikin taron jinsi ɗaya, daga tsara zuwa tsara. A ce a wani gari sauro 5 cikin 100 ne ke jure maganin feshi. Bayan shekara goma aka sake ƙirgawa aka tarar 70 cikin 100 ne. Wannan shi ne juyin halitta. Babu sauro ko ɗaya da ya rikiɗa a rayuwarsa. Masu jurewa ne suka rayu suka hayayyafa, sauran suka mutu ba su bar baya ba. Taron ne ke sauyawa.

A shekarar 1908 wani masanin lissafi a Ingila, Hardy, da wani likita a Jamus, Weinberg, kowa da kansa, suka nuna cewa yawan ƙwayoyin gado a cikin taro ba zai motsa ba sai wani abu ya tura shi. Abubuwan da ke turawa kaɗan ne: kuskuren kwafi a ƙwayar gado, tacewar da yanayi ke yi, sa'a tsagwaronta, shigowar baƙin jini, da kuma yadda ake zaɓen abokin haihuwa.

Daga ina sabon hali ke fitowa tun farko?

Daga kuskuren kwafi. Saƙon gadon ɗan Adam, wato DNA, yana da haruffa kimanin biliyan 3, kuma duk lokacin da ƙwayar jiki za ta rabu biyu sai an kwafe shi kaf. Duk wanda ya taɓa ganin mai rubutun hannu yana kwafar littafi ya san komai ƙwarewarsa wata rana alƙalami zai zame. Kowane jariri yana zuwa duniya da sababbin sauye-sauye kimanin 60 zuwa 70 waɗanda babu su a jikin uwarsa ko ubansa. Mafi yawansu ba sa yin komai. Wasu na cutarwa. Kaɗan ƙwarai ne ke zama alheri, su ma ya danganta da wuri da lokaci.

Kuskuren ba ya duba buƙatar mai shi. Sauro ba ya ƙirƙiro kariya don ya ji warin magani. Kariyar tana nan a jikin 'yan tsiraru tun kafin a zo da maganin, ko kuma ta faɗo bisa dace.

Abin da mutum ya samu a rayuwarsa, 'ya'yansa na gadonsa?

A'a. Shekaru aru-aru ana yi wa jarirai tsagar gado a ƙasar Hausa, amma wanzami bai taɓa zuwa gidan suna ya tarar an haifi yaro da zanen a kumatunsa ba. Ɗan maƙeri ma sai ya ɗaga masaba kafin damtsensa ya yi kauri.

Idan sikila cuta ce mai kisa, me ya sa ta yi mana yawa haka?

Wannan tambayar ce ta fi kowace kusa da zuciyata, domin babu ajin da na taɓa shiga ban tarar da yaro mai ɗauke da wannan lalura ba. Na sha ganin kujerar yarinya babu kowa sati biyu cikin hunturu, ta dawo idanunta sun yi ruwan ɗorawa, tana kwafar aikin da ya wuce ta a hankali saboda gaɓoɓin yatsunta ba su gama sakinta ba.

Asalin abin harafi ɗaya ne ya sauya a cikin ƙwayar gadon da ke ƙera sinadarin da ke ɗaukar iska a cikin jini. A 1956 wani masani mai suna Vernon Ingram ya gano inda bambancin yake a cikin wannan sinadari. Wanda ya gaji sauyin daga uwa da uba duka biyu shi ne SS, kuma idan iska ta yi ƙaranci ƙwayoyin jininsa sukan lanƙwashe kamar lauje, su toshe ƙananan hanyoyin jini. Wanda ya gaji ɗaya shi ne AS, yawanci lafiyarsa ƙalau, wanda bai gaji ko ɗaya ba kuwa shi ne AA.

Bisa lissafi, halin da ke kashe yara kafin su girma ya kamata ya yi ta raguwa har ya kusa ɓacewa. Amma a Najeriya kusan mutum 1 cikin 4 AS ne, kuma ana ƙiyasta jarirai 150,000 ake haifa da cutar duk shekara, fiye da kowace ƙasa a duniya. Wani likita da ya tashi a Kenya, Anthony Allison, shi ya warware ƙullin a 1954. Ya lura cewa wuraren da sikila ta yi yawa su ne wuraren da zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu, kuma yara AS ba sa jin jiki da zazzaɓin kamar yara AA. Binciken da ya biyo baya ya nuna AS na rage haɗarin zazzaɓi mai tsanani da kusan kashi 90 cikin ɗari.

Ke nan wuta biyu ce ke ci. Zazzaɓi na ɗaukar yara AA, sikila na ɗaukar yara SS, su AS na tsakiya su ne suka fi kaiwa ga girma su haihu, kuma kowannensu na ɗauke da S ɗin zuwa gaba. Haka aka yi ta yi dubban shekaru. Baƙaƙen fatar Amurka, waɗanda aka kwashi kakanninsu galibi daga yammacin Afirka da tsakiyarta, kimanin 1 cikin 13 ne ke ɗauke da S a yau. Auratayya da wasu al'ummu ta taka rawa a wannan raguwa, rabuwa da zazzaɓin ma ya taka.

Ba sikila kaɗai zazzaɓi ya bar mana ba. Akwai wani sauyin na sinadarin jinin nan da ake kira nau'in C, wanda ya fi yawa a Burkina Faso da arewacin Gana, shi ya sa ake samun masu AC da SC. Sannan kusan duk mutanen yammacin Afirka ba su da wata ƙofa a bayan ƙwayar jininsu wadda wani nau'in ƙwayar zazzaɓi mai suna bibaks ke shiga ta cikinta, shi ya sa nau'in ya yi ƙaranci a nan alhali ya addabi Indiya.

Ina roƙon duk mai shirin aure ya yi gwajin jini tun kafin zance ya yi nisa, tun kafin a kai kuɗin gaisuwa. AS da AS, kowane ciki yana da haɗarin 1 cikin 4 na zama SS. Kowane ciki lissafinsa daban. Haihuwar mai sikila a fari ba ta nufin ukun da ke biye sun tsira. AS kuma ba rigakafi ba ne: yana kamuwa da zazzaɓi, yana buƙatar gidan sauro da magani kamar kowa.

Klorokwin yana aiki a da, yanzu ba ya yi. Jikinmu ne ya saba da shi?

Haka mutane ke faɗa a kantin magani, amma ƙwayar cutar ce ta sauya. A ƙarshen shekarun 1950 aka fara ganin ƙwayoyin zazzaɓin da klorokwin ba ya kashewa a iyakar Tailan da Kambodiya, da kuma Kolombiya. Zuwa 1978 sun iso gabashin Afirka, daga nan suka bazu. Duk wanda ya sha maganin ya kashe masu rauni ya bar wa masu taurin kai fili. A 2005 Najeriya ta sauya manufarta ta koma kan haɗin magungunan da ke ɗauke da atemisinin.

Abin da ya faru a Malawi yana burge ni. Sun daina amfani da klorokwin a 1993. Cikin shekara goma ƙwayoyin da ke jure shi suka kusa ɓacewa a can. Dalili kuwa jurewar tana da tsada ga ƙwayar. Idan babu maganin, mai ɗauke da wannan kaya ba ta iya tsere da 'yar'uwarta mara kaya.

Haka zancen yake ga magungunan kashe ƙwayoyin cuta da ake sha barkatai, na mutane da na kaji. Ƙwayar bakteriya tana iya rabuwa biyu cikin minti 20, don haka tsararrakin da ɗan Adam zai yi dubban shekaru bai haifa ba ita cikin 'yan watanni take gama su. Kuma tana iya miƙa wa maƙwabciyarta guntun DNA mai ɗauke da kariya, ko da ba jinsinsu ɗaya ba.

Sauro fa? Me ya sa yake sauka a kan gidan sauro mai magani ya tashi lafiya?

Labari ɗaya ne. Shekaru da yawa rukunin sinadari guda ake jiƙa gidajen sauro da shi, kuma danginsa ake fesawa a gonakin auduga da kayan lambu. Sauron da ke da ɗan sauyi a jijiyarsa inda maganin ke kamawa, ko wanda jikinsa ke narkar da dafin da wuri, shi ya rage. Shi ya sa aka fara raba sababbin gidaje masu haɗin sinadari biyu. Gidan sauro mara huji yana nan da amfaninsa ko da maganin ya yi sanyi, kada kowa ya mayar da nasa shingen lambu saboda wannan bayani.

Duk halin da ya yaɗu, dole yana da amfani ke nan?

Ko kaɗan. Akwai sa'a, kuma ɗalibai sun fi shan wuyar yarda da wannan. Nakan zo aji da kwano cike da wake, rabi fari rabi ja, in ce wa yaro ya rufe ido ya ɗebo ƙwaya 10. Da wuya ya samu 5 da 5. Sai ya fito da ja 7, fari 3. Daga nan mu cika sabon kwano bisa wannan rabo, wani ya sake ɗiba. Kafin a kaɗa ƙararrawa sau da yawa launi ɗaya ya ɓace gaba ɗaya, alhali babu waken da ya fi wani. Idan aka ce a ɗebo da gwangwani maimakon ƙwaya 10, rabon ba ya nisa da rabi da rabi. Sa'a ta fi yin ɓarna a ƙaramin taro.

An ga haka a kan mutane. A 1775 guguwa ta afka wa wani ɗan tsibiri mai suna Pingelap a tekun Fasifik, ita da yunwar da ta biyo baya suka bar mutum kimanin 20. Ɗaya daga cikinsu na ɗauke da ƙwayar gadon wata lalurar ido da ke hana ganin launi kwata-kwata. A duniya kusan mutum 1 cikin 30,000 ke da ita. A tsibirin yau tana kama tsakanin kashi 4 zuwa 10 cikin ɗari na jama'a. Lalurar ba ta amfani kowa da komai ba, mai ita ne kawai ya yi nisan kwana.

Wannan ne ma ya sa 'yan Afirka suka fi kowa bambancin ƙwayoyin gado a tsakaninsu. Waɗanda suka fita daga nahiyar kimanin shekaru 50,000 zuwa 70,000 da suka wuce ƙaramin ayari ne, ɗiba ɗaya suka yi daga babban kwano.

Ƙaura da auratayya suna da tasiri?

Sosai. Baƙo yana zuwa da guzurinsa na gado. Manomin gero ya san shibra, wadda ke tsirowa cikin gona kamar gero amma zangarniyarta ta kakkaɓe tun kafin girbi. Ta samu ne daga barbara tsakanin geron gida da ɗan'uwansa na daji, iska ce ke kai garin fure daga wannan zuwa wancan. Manomi na cire ta yana tsaki, amma ta wannan hanya halayen daji ke shigowa gona, na gona su fita daji.

Mutanen Turai da Asiya na ɗauke da kimanin kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari na DNA ɗin wasu mutanen da suka shuɗe da ake kira Niyandatal. Mutanen Tibet, masu zama a tsaunukan da iska ta yi ƙaranci, sun gaji wata ƙwaya da ke taimaka musu a can daga wasu mutanen da ake kira Denisoba. Auratayya ta kawo, tsauni ya tace.

Me ya sa wasu ke shan madara lafiya, wasu kuma cikinsu ya ɗauki ƙugi?

Kowane jariri na da sinadarin narkar da sukarin madara. A yawancin mutanen duniya, kamar sauran dabbobi masu shayarwa, jiki na rage ƙera shi bayan yaye. A cikin al'ummun da suka daɗe da kiwo sai aka samu sauyin da ya bar shi a kunne har tsufa. Ka yi tunanin shekarar fari: hatsi ya ƙare, saniya na ba da ɗan abin da ya samu, yaron da madara ke karɓarsa shi zai kai damina. Fulani da yawa na da wannan hali, haka Larabawa makiyaya da mutanen arewacin Turai. Binciken da Sarah Tishkoff ta jagoranta, wanda ya fito a 2007, ya nuna makiyayan Kenya da Tanzaniya sun samu nasu ta wani sauyi daban da na Turawa. Matsala ɗaya, an warware ta fiye da sau ɗaya. Nonon da ya kwana ya yi tsami kuwa ya fi sauƙi ga kowa, domin ƙwayoyin da suka tsamar da shi sun riga sun cinye wani kaso na sukarin.

Zaɓen iri da manomi ke yi yana cikin wannan lissafi?

Yana ciki tsundum. Darwin da kansa, masanin Ingila da ya shahara da bayanin juyin halitta, a littafin da ya fitar a 1859, da masu kiwon tattabaru ya fara kafa hujja. Dattijon da ke ware manyan zangarniyoyi ya ɗaure su daban a rataye a rumbu, aikin da yanayi ke yi yake yi da hannunsa. A yankin Sahel aka mayar da gero amfanin gona, kuma an samu burbushinsa na kusan shekara 4,500 a arewacin Mali.

Wasu masu bincike sun kwatanta irin geron da aka tattara a ƙauyukan Nijar a 1976 da wanda aka sake tattarawa a ƙauyukan a 2003. Suka shuka su gefe da gefe. Na 2003 ya fi saurin fitar da kai, zangarniyarsa kuma ta ɗan fi gajarta. Tsakanin shekarun nan biyu an sha fari mai tsanani, damina ta gajarce. Manoma ba su canza sunan irinsu ba, amma geron da ya yi jinkiri bai samu shiga rumbu ba, sai irin ya matsa da kansa. Cikin shekara 27 kacal.

Auren zumunci yana haifar da cututtukan gado?

Ba ya ƙirƙirar su, yana haɗa su ne. Kowannenmu na ɗauke da wasu ƙwayoyi masu lahani da ke kwance shiru saboda abokiyar zamansu lafiyayya ce. 'Yan'uwa sun fi yiwuwar ɗaukar iri ɗaya daga kaka ɗaya, sai ɗa ya gaji biyu. Yawancin 'ya'yan irin wannan aure lafiyarsu lau, amma haɗarin na ƙaruwa idan ana ta maimaitawa tsara bayan tsara a gida ɗaya. Inda aka san akwai wata lalura a dangi, a nemi shawarar likita.

Ashe dai mai ƙarfi ne ke rayuwa?

Wanda ya dace da halin da ake ciki, ya kuma bar 'ya'ya. A lokacin yaƙin basasar Mozambik, 1977 zuwa 1992, an kashe kusan kashi 90 cikin ɗari na giwayen dajin Gorongosa don haurensu. Kafin yaƙin, ƙasa da kashi 20 cikin ɗari na matan giwaye ne ba su da haure. A cikin waɗanda suka tsira, rabi ne. Haure makami ne, abin haƙar ruwa da ɓare itace, amma da bindiga ta shigo daji sai ya zama ajalin mai shi.

Wani lokaci ma hali na yaɗuwa don mata sun fi son sa. Jelar ɗawisu nauyi ce gare shi wajen gudu, amma ita ke kai shi ga mace.

Irin waɗannan ƙananan sauye-sauye na iya kaiwa ga sabon jinsi?

Idan taro biyu suka rabu suka daina haihuwa da juna, kowanne zai ci gaba da tara kurakuransa, da tacewar wurinsa, da sa'arsa, har a kai ranar da ko sun haɗu abin ba ya yiwuwa. Doki da jaki sun kusa kai ƙarshen wannan hanya. Suna iya haifar alfadari, amma alfadari ba ya haihuwa: ƙunshin gadon doki, wato daman da DNA ke naɗe a ciki, 64 ne, na jaki 62, shi kuma ya tashi da 63 da ba sa rabuwa daidai. A tafkin Biktoriya akwai dangin wani kifi da ya rarrabu zuwa jinsi kusan 500 cikin shekaru kimanin 15,000. Manyan sauron zazzaɓi biyu na yankinmu ma kamarsu ɗaya a ido, amma a 2013 masana suka ba kowanne sunansa domin sun yi nisa da rabuwa, ɗaya ya fi son kududdufin damina, ɗaya ya fi son ruwan da ke daɗewa kamar na fadamar shinkafa.

Wannan ilimi bai ci karo da addini ba?

Tambaya ce ta gaskiya, kuma ba na yi wa mai yin ta kallon jahili. Abubuwan da na lissafa a sama an ƙirga su, an auna, ana iya sake aunawa gobe: sauro, ƙwayar zazzaɓi, gero, jinin mutane. Mai imani yana kallonsu a matsayin sababai da Mahalicci ya tsara, kamar yadda sanin yadda hadari ke haɗuwa bai hana kowa roƙon ruwa ba. Inda ake da muhawara mai zafi shi ne asalin ɗan Adam. Masana halittu, bisa hujjojin ƙasusuwa da na DNA, sun tafi a kan cewa yana da dangantakar asali da sauran halittu, malaman addini kuma suna da maganganu mabambanta a kan yadda za a fahimci hakan. Abin da nake gaya wa ɗalibaina shi ne su koyi hujjar da kyau kafin su ɗauki matsaya, kuma kada wannan muhawara ta hana su fahimtar dalilin da ya sa magani ke mutuwa a hannunmu.

Yanzu wane sauyi ne masana suka fi sa wa ido?

Biyu ne a fagen zazzaɓi. Na farko, tun wajen 2020 aka tabbatar da ƙwayoyin da ke jinkirin mutuwa da atemisinin a Ruwanda, sannan a Yuganda da Eritriya, kuma a nan Afirka suka ɓullo, ba daga Asiya aka kawo su ba. Na biyu ya fi ba ni mamaki. Ɗan gwajin nan na gaggawa, wanda ake ɗiga jini a kai a jira layi biyu, wani sinadari yake nema da ƙwayar zazzaɓin ke fitarwa. Wasu ƙwayoyin sun rasa ƙwayar gadon da ke ƙera sinadarin. Gwaji sai ya ce babu komai, a sallami mara lafiya ba magani, ƙwayar ta samu damar wucewa ga sauro na gaba. An fara ganin haka a Peru, kuma a Eritriya abin ya yi yawan da sai da ƙasar ta sauya irin gwajin da take amfani da shi a 2016. Idan gwaji ya nuna babu zazzaɓi amma yaro na ci gaba da zafin jiki, a koma asibiti a nemi a duba jinin da madubin likita.